Yadda ake kare sabuwar hanta daga kitse bayan dashe: abinci, tsoka da awon ƙugu

Wanda aka yi wa dashen hanta yakan bar asibiti da doka ɗaya a kansa, wadda ya shafe watanni ko shekaru yana ji: ci abinci, kada ka kwana da yunwa. Dokar daidai take a lokacin da tsohuwar hanta ta gaza, jiki yana cin naman kansa. Sai dai ba kasafai ake gaya masa ranar da dokar ta daina aiki ba. Sabuwar hanta ta kama aiki, baki ya buɗe, ɗanɗano ya dawo, frednisolon, ɗaya daga magungunan hana jiki ƙin sabuwar hanta, yana ƙara rura yunwa, ga shi an hana shi aikin ƙarfi. Kafin shekara ta zagayo nauyi ya dawo har ya zarce, 'yan uwa na ta murna ya murmure. Amma galibin abin da ya dawo kitse ne. Tsokar da ciwo ya zaftare ba ta dawowa da ci kaɗai, kitsen tumbi kuwa shi ne ke komawa ya taru a cikin hantar da aka dasa.

Ana cewa hanta ta yi kitse idan kitse ya kama kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyinta ko fiye. Tun shekarar 2023 likitoci na kiran cutar MASLD, a tsofaffin takardu kuma za ka ga NAFLD. Bayan dashe ta hanya biyu take zuwa. Wanda kitsen hanta ne ya kai shi ga dashe tun asali, galibi kitsen yakan dawo masa cikin 'yan shekaru, domin an canza hanta ne, ba a canza jikin da ya haifar da matsalar ba. Wanda kuma wata cuta ce ta kai shi, zai iya kamuwa sabo fil idan ƙiba, ciwon suga da magunguna suka haɗu. Kitsen na iya jawo kumburi da tabo a hanta, amma cikin manyan abubuwan da ke kashe masu dashe a dogon zango akwai abokan tafiyarsa: ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

Kayan da za ka tanada

Sikelin awon nauyi guda ɗaya, wanda ba za ka riƙa canzawa ba. Tef ɗin awo irin na tela, marar miƙewa. Littafi ko waya don rubuta awo. Ƙaramin sikelin kicin, idan babu shi tafin hannunka da cokali sun isa. Na'urar awon suga da ta hawan jini. Kujera mai ƙarfi marar hannu, da agogo mai nuna sakan. Igiyar roba ta motsa jiki, ko robobin ruwa biyu na lita ɗaya. Ma'aunin zafin abinci idan ya samu. Sai jerin magungunanka a rubuce, da lambar wayar sashen da ke kula da kai. Duk adadin da ke ƙasa na babban mutum ne da ƙodarsa ke aiki daidai. Idan likitanka ko masanin abincinka ya ba ka wani adadi, nasa za ka bi.

1. Ɗauki awon farko

Kada ka fara da nauyin da ka yi kafin tiyata. Wancan nauyi akwai ruwa a cikinsa, ruwan ciki da na kumburin ƙafa, wanda kan kai kilo da yawa. Jira kumburi ya saɓe, yawanci cikin makonnin farko, sannan ka auna da safe bayan fitsari, kafin ka ci komai, da kaya marasa nauyi. Wannan shi ne ainihin nauyinka, da shi za a yi duk lissafi.

Sai ƙugu. Lalubo ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, ka zagaya tef a tsakiyarsu, kan fata, bayan ka sauke numfashi ba tare da ka shanye ciki ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne aunawa a inda wando ke tsayawa, ƙarƙashin tumbi, sai awo ya fito da kyau alhali tumbin na nan yana girma. Haɗari na farawa daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, ya tsananta daga 102 da 88. Akwai lissafi mafi sauƙi da na fi so: ƙugu kada ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Idan ɗinki bai gama warkewa ba ko ciki na kumbure, a dakata da wannan awo.

Na uku shi ne ƙarfin tsoka. Zauna a kujera, harɗe hannuwa a ƙirji, ka tashi ka zauna sau biyar da iya saurinka, wani na riƙe da agogo. Idan ka haura sakan 15, tsokar ƙafa ta yi rauni. A asibiti ana auna ƙarfin damƙar hannu da wata na'ura: ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace alamar rauni ce. Akwai kuma hoton DEXA, mai nuna yawan kitse, tsoka da ƙashi, da sikelin da ke ƙiyasta kitsen jiki da 'yar wutar lantarki, amma shi wannan sikeli ruwan jiki na ruɗa shi, don haka kada ka dogara da shi a watannin farko. Lissafin BMI, wanda ke kwatanta nauyi da tsawo, shi ma bai san bambancin kitse da tsoka ba. Mutum zai iya samun BMI 24 mai kyau a takarda, ga hannuwa sirara, cinyoyi sun motse, tumbi a gaba. Irin wannan jiki ya fi na mai ƙiba mai ƙarfi haɗari, kuma shi aka fi tsallakewa a asibiti.

Nauyi sau ɗaya a mako, ƙugu da gwajin kujera sau ɗaya a wata.

2. San halin kowane magani

Magungunan danne garkuwar jiki su ke hana jiki ƙin sabuwar hanta, ba a rage su ko tsallake su don gudun ƙiba, ko kusa. Amma sanin halinsu zai nuna maka inda za ka sa ido. Frednisolon na ƙara yunwa da suga, yana cin tsoka da ƙashi. Sugan da yake tayarwa ya fi fitowa da rana zuwa yamma, saboda haka wanda ke auna suga da asuba kaɗai zai iya ganin lafiya ƙalau alhali ba haka ba ne. A riƙa aunawa kafin abincin dare ko awa biyu bayan na rana. Takrolimus, wanda ake samu da sunan Prograf ko Advagraf, yana rage wa jiki iya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, yana ɗaga sinadarin fotasiyam, yana zubar da maganiziyam, yana kuma matsa wa ƙoda. Siklosforin ya fi jawo hawan jini da kolestarol. Sirolimus da eberolimus na ɗaga kitsen jini sosai. Maikofenolet kan jawo tashin zuciya da gudawa.

Takrolimus a sha shi a lokaci ɗaya kullum, kuma a hali ɗaya: in da abinci, kullum da abinci, in babu, kullum babu, domin abinci mai maiƙo na rage yadda hanji ke tsotse shi. Ranar gwajin jini kada ka sha na safe sai an ɗebi jinin.

Garehul, ɗan'uwansa fomelo da lemo mai ɗaci irin na Sebil an haramta su gaba ɗaya, har ruwansu, saboda suna toshe sinadarin da ke narkar da takrolimus da siklosforin, maganin ya taru ya zama guba ga ƙoda. Asibitoci da yawa na haɗawa da rumman. Duba jikin kwalbar ruwan 'ya'yan itace na haɗe-haɗe, garehul kan ɓuya a ciki. Maganin ganye, shayin rage ƙiba, ƙwayoyin "wankin hanta" da ƙwayoyin koren shayi masu ƙarfi, duk a nisance su. Wasu na rage ƙarfin maganin dashe har jiki ya ƙi hantar, wasu kuma su da kansu suke lalata hanta. Garin neman gira ne a rasa ido.

3. Watanni uku na farko: a warke tukuna

Wannan ba lokacin rage nauyi ba ne. Jiki na ɗinke babban rauni, yana bukatar kalori (ma'aunin makamashin abinci) 30 zuwa 35 da furotin giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyinka a rana. Mai kilo 70 na neman furotin giram 84 zuwa 105. Ga yadda ake tara shi: ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara giram 8, dafaffen kifi mai girman tafin hannu wajen 20 zuwa 25, naman kaza irin wannan girma wajen 25 zuwa 30, kofin dafaffen wake wajen 15. A raba shi gida uku ko huɗu, giram 25 zuwa 30 a kowane zama. Tsoka ba ta amfana da a tara mata komai a abincin dare, karin kumallo kuwa shayi da burodi zalla. In ciki na cika da wuri, a ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a fara da furotin kafin sauran. In nama ya gagara, wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai da madara za su cike gurbi.

Tsaftar abinci a wannan lokaci ba abin wasa ba ce, don a nan magani ya fi danne garkuwa. A dafa nama, kifi da ƙwai su nuna sarai. Kaza ta kai digiri 74 a tsakiyarta, in babu ma'auni a tsaga wajen ƙashi a ga babu ja, ruwanta ya fito fari. Ba ɗanyen ƙwai, ba ɗanyen kifi, ba madara ko cukun da ba a dafa madararsa ba. A wanke ganye da 'ya'yan itace da ruwa mai tsafta, wuƙa da katakon yanka nama daban. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, firji ya tsaya digiri 5 ko ƙasa, ragowa kuma a ɗumama har ta yi turiri. Inda wuta ba ta tsayawa, a dafa daidai ci. Ruwan da ba a amince da shi ba, a tafasa.

4. Daga wata na uku: sauya salon ci

A nan mafi yawan mutane ke yin sake. Rauni ya warke, bukatar kalori ta ragu, amma hannu ya saba da babban kwano. Abu na farko da za a ajiye shi ne abincin tsakar dare da aka koya maka lokacin ciwon hanta. A da hanta ba ta iya ajiye makamashin da zai kai ka safiya, yanzu tana iyawa. Madarar ƙarin ƙarfi ta gwangwani ita ma a tambayi likita ko lokacin barinta ya yi.

Ɗauki faranti madaidaici, faɗinsa kamar santimita 23. Rabi kayan lambu da ganye. Kwata furotin. Kwatan da ya rage abinci mai sitaci, misalin dunƙulen hannunka, kuma gwamma hatsin da ba a cire dusarsa ba a kan farar shinkafa, farin burodi da farar fulawa. Furotin ya koma giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo, sai fa idan ƙoda ta samu matsala, a nan likita ne zai yanke. Tsarin cin da ya fi samun shaidar amfani ga kitsen hanta shi ne irin na mutanen gaɓar tekun Bahar Rum: ganye da yawa, wake, kifi sau biyu a mako, gyaɗa da danginta cikin tafin hannu ɗaya, man zaitun, jan nama jefi-jefi. Ba lallai sai kayan can ba. Abin da ake nema shi ne tsarin, kuma ana iya gina shi da abin da ke kusa da kai. In babu man zaitun, man gyaɗa ko na kanola ya wadatar.

Mai dai a auna shi da cokali, kada a tuttula daga kwalba. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne, ko na zaitun ne. Wanda ke tuttulawa yakan zuba cokali huɗu ko biyar bai sani ba, ka ga abinci guda ke nan ya shige miya a ɓoye. Gashi, turarawa da dafuwa su maye gurbin suya. A cire fatar kaza da kitsen nama, a rage naman gwangwani da tsiran alade ko na sa da aka sarrafa da gishiri.

Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya a shafe, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da abincin leda. Kada ka sayi gishirin da aka rubuta wa "mai ƙarancin sodiyam": da fotasiyam ake yinsa, ga mai shan takrolimus kuwa fotasiyam mai yawa na iya rikita bugun zuciya. Ayaba, tumatir da dankali ba a hana su kai-tsaye ba, sai in gwajin jini ya nuna fotasiyam ya hau. Ƙashi na bukatar kalsiyam miligiram 1000 zuwa 1200 a rana da bitamin D, musamman ga mai shan frednisolon.

5. Duba abin da kake sha

Idan abu ɗaya tak za ka iya gyarawa a wannan wata, to ka gyara abin sha. Sukarin lemon kwalba rabinsa wani nau'in sukari ne mai suna furuktos, shi kuwa hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi yawa ta mai da shi kitse nan take. Gwangwanin lemo na mililita 330 na ɗauke da sukari wajen giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, in so samu ne kashi 5, wato wajen giram 25, ƙananan cokula shida. Gwangwani ɗaya ya riga ya tsallake. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse da zuma duk layi ɗaya suke, komai sunan "na halitta" da aka laƙa musu. Ɗan itacen da aka ci ba a matse ba daban ne, biyu ko uku a rana ba laifi.

Giya babu ita sam. Kofi marar sukari, kofi biyu zuwa uku a rana, an danganta shi da raguwar tabon hanta, amma mai rawar hannu daga takrolimus, mai hawan jini ko rashin barci ya rage.

6. Gina tsoka

Furotin bulo ne, motsa jiki shi ne magini. Tun a asibiti ake fara tafiya, minti biyar zuwa goma sau da yawa a rana, ana ƙarawa a hankali har a kai minti 150 a mako na tafiyar da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Kada ka ɗaga abin da ya fi kilo 5 har sai likitan tiyata ya sake ka, yawanci tsakanin mako shida da wata uku, don kada ƙaba ta ɓullo a wurin ɗinki.

Da an ba ka izini, ƙara aikin ƙarfi sau biyu ko uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani: tashi da zama a kujera, tura bango da hannuwa, jan igiyar roba zuwa ƙirji, hawa matakala ɗaya da sauka, ɗaga dunduniya. Kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye biyu, daga baya uku. Idan na goma sha biyu ya zo da sauƙi, lokacin ƙara nauyi ya yi. Wanda ya shekara yana ɗaga robar lita ɗaya tsokarsa ta daina koyon komai. Kada ka riƙe numfashi lokacin yunƙuri, fitar da shi. Tafiya kaɗai tana taimakon zuciya da suga, amma ba ta dawo da cinya da damtse. Motsa jiki kuma yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba, don haka in nauyi ya tsaya cak amma ƙugu na raguwa, sakan ɗin kujera na sauka, kana kan hanya. Ciwon gaɓoɓi bayan atisaye kada a sha masa ibufrofen ko diklofenak, suna haɗuwa da takrolimus su cuci ƙoda.

7. Idan nauyi ya riga ya hau

Rage kashi 5 cikin ɗari na nauyi na rage kitsen hanta, kashi 7 zuwa 10 na kwantar da kumburi, kashi 10 ko fiye na iya sassauta tabo. Mai kilo 90 zai sa gaba kan kilo 4.5 da farko, sannan 9. A rage kalori wajen 500 a rana, a nemi saukar rabin kilo a mako. Sau da yawa cire lemo, auna mai da rage sitacin dare sun isa cike wannan giɓi. Furotin da atisayen ƙarfi ba a taɓa su, in ba haka ba tsoka ce za ta tafi, an gudu ba a tsira ba. Horon yunwa mai tsanani da duk wani dogon azumi sai an zauna da likita, saboda ƙishirwa na matsa wa ƙoda, lokutan magani kuma ba sa ɗaguwa.

In an yi wata shida ana ƙoƙari babu sauyi, a koma wa likita da littafin awo a hannu. Zai iya duba yiwuwar janye frednisolon ko sauya haɗin magunguna, ya ba da maganin kolestarol na dangin statin wanda ya dace da maganin dashenka, ko maganin suga irin su metformin da semaglutaid. Ga masu ƙiba mai tsanani akwai tiyatar rage tumbi. Duk waɗannan hukuncin sashen dashe ne, ba na kantin magani ba.

8. Gwaje-gwajen da za ka tambaya

Suga kafin karin kumallo: 126 a ma'aunin mg/dL, ko 7.0 a mmol/L, in ya maimaitu, ciwon suga ne. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na watanni biyu zuwa uku, in ya kai 6.5 shi ma haka, sai dai a watanni ukun farko ba a dogara da shi, saboda ƙarin jini da ƙarancin jini na ɓata sakamako. Kitsen jini na tiraigilisaraid ya tsaya ƙasa da 150 mg/dL, hawan jini ƙasa da 130 bisa 80. A duba ƙoda, fotasiyam da maganiziyam tare da awon takrolimus.

Gwajin jini na ALT da AST, mai duba lafiyar hanta, in ya fito daidai ba ya wanke hanta daga kitse, mutane da yawa na da kitsen alhali lambobinsu lafiya. Hoton sikanin ciki yana ganin kitse ne in ya yi yawa, ɗan kaɗan yakan kuɓuce masa. Na'urar FibroScan na auna taurin hanta da yawan kitse a lokaci ɗaya, ana zuwa mata bayan awa uku ba a ci komai ba. Mai ciwon suga, mai tumbi, ko wanda kitse ne sanadin dashensa ya kamata ya nemi a riƙa yi masa ita lokaci-lokaci. In lambobin hanta suka hau, kada ka yanke wa kanka cewa kitse ne ka shiga rage abinci. Zai iya zama jiki ne ke ƙin hantar, ko bututun maɗaciya ya toshe, kuma wani lokaci sai an ciro ɗan ƙwayar hanta da allura an duba kafin a bambance.

Ka kira sashen dashe a ranar, kada ka jira ranar asibiti, idan ka ga zazzaɓin da ya kai digiri 38, idanu sun yi rawaya, fitsari ya yi duhu, kashi ya yi fari, amai ya hana magani zama, gudawa ta wuce kwana ɗaya domin tana ɗaga takrolimus a jini, nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu ko uku wanda ruwa ne ba kitse ba, ko nauyi na zubewa ba tare da ka nema ba ga ƙishirwa da yawan fitsari.